Daga ramin haƙar ma'adinai zuwa ɗakin leza: me ake gani a shigen-ƙarfe, kuma ina ruwan Zamfara?

A watan Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun Afrilun 2019. Ba a yi wata guda cikakke ba, a Janairun 2025, sai ga labari daga Jami'ar Stanford ta Amurka cewa wani haɗi na niyobiyam da fosfaras ya fi jan ƙarfe iya ɗaukar wutar lantarki idan aka shimfiɗa shi siriri ƙwarai. Labaran biyu ba su san da juna ba. Amma mutumin Gusau ko Anka da ya ji su a jere dole ya yi tambaya: wannan sabon abu da ake kuranta wa, dutse ne irin wanda ake haƙowa a dajinmu? Zai sa waya ta daina zafi, farantin sola ya ƙara ba da wuta? Yaushe?

Amsar ba ta cikin rami. Tana cikin wani ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba ko kusa, lokacin da haske ya faɗa kan abu, ilektiron ɗin da ke ciki suka zabura sannan suka koma mazauninsu. Auna wannan zabura da komawa shi ne aikin da wannan sharhi zai warware.

## Bene mai hawa biyu, da kalangu

Wutar lantarki tafiyar ilektiron ce, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da kowane atam. A cikin daskararren abu mai tsararrun atam, wanda masana ke kira kiristal, ilektiron ba ya ɗaukar kowane irin ƙarfi da ya ga dama. Akwai matakan da aka yarje masa, akwai waɗanda aka hana shi. A ɗauke shi kamar bene mai hawa biyu. Hawan ƙasa ya cika maƙil, ba wurin motsi. Hawan sama kuwa fili ne, duk wanda ya hau zai yi gudu son ransa.

A gilashi ko roba, ratar da ke tsakanin hawa biyun tana da girma, ba mai iya hawa, shi ya sa ba sa ɗaukar wuta. A silikon, wanda da shi ake yin farantin sola da ƙwaƙwalwar waya, ratar ƙarama ce, kimanin ilektiron-bolt 1.1 a ma'aunin masana, don haka hasken rana ya isa ya cilla ilektiron sama. A ƙarfe irin jan ƙarfe babu batun rata, domin hawan da ilektiron ke zaune bai cika ba, kullum akwai wurin gudu.

Akwai rukuni na huɗu, shi ne abin da za mu kira shigen-ƙarfe: ya yi kama da ƙarfe amma bai cika ƙarfe ba. A irin wanda ake magana a kansa, hawan ƙasa da na sama suna taɓa juna a ɗigo ɗaya tak, ko a wasu 'yan ɗigogi. Idan aka zana shi, siffar kalangu yake bayarwa: faɗi a sama, faɗi a ƙasa, tsukakken ƙugu a tsakiya. Ilektiron da ke kusa da ƙugun nan yana tafiya tamkar ba shi da nauyi. A girafin, wato fallen gawayi mai kaurin atam ɗaya da Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Manchesta ta Ingila a 2004, saurin ya kai kimanin kilomita 1,000 a sakan guda, kashi ɗaya cikin 300 na saurin haske.

Masana suna kiran wannan iri shigen-ƙarfe mai tofoloji, kuma haɗin niyobiyam da fosfaras na labarin Stanford ɗan wannan gida ne. Kalmar tofoloji kuma daga lissafi ta fito. Reshe ne da bai damu da tsawo ko faɗi ba, sai abin da ba ya sauyawa komai murɗawa. Curin fura, ko an mulmula shi ko an taushe shi ya zama faifai, ba shi da huda. Zobe kuwa yana da huda ɗaya, kuma ba yadda za a raba shi da ita sai an karya shi. Masana sun gano cewa yadda ilektiron ke tsaruwa a wasu kiristal yana da irin wannan lamba da ƙazanta kaɗan ko matsi kaɗan ba ya gogewa. A kan wannan tunani David Thouless da Duncan Haldane da Michael Kosterlitz suka sami kyautar Nobel a 2016.

## Lissafin 1929 da ya jira shekara 86

A 1928 Paul Dirac ya rubuta lissafin da ke bayanin ilektiron mai gudu kusa da saurin haske. Shekara guda bayan haka Hermann Weyl ya nuna cewa idan ƙwayar ba ta da nauyi, lissafin yana rabuwa gida biyu, na dama da na hagu. An daɗe ana neman irin wannan ƙwaya a sararin halitta ba a same ta ba. An taɓa zaton wata ƙwaya mai suna nutirino ce, sai aka tabbatar ita ma tana da ɗan nauyi.

Daga ƙarshe ba a sararin samaniya aka ga halayenta ba, a cikin kiristal aka gani. A 2014 aka tabbatar da ƙugun kalangu irin na Dirac a haɗin sodiyam da bismut, da kuma haɗin kadmiyam da asenik. A 2015 tawagar M. Zahid Hasan, ɗan asalin Bangaladash da ke Jami'ar Princeton, da tawagar Hong Ding a birnin Beijin na Sin, kowace a nata ɓangaren, suka nuna irin na Weyl a haɗin tantalam da asenik. Ɗigogin Weyl, wato wuraren da hawa biyun ke taɓa juna, bibbiyu suke zuwa, na dama da na hagu, kuma ɗaya ba ya ɓacewa sai ya haɗu da ɗan'uwansa. A fatar kiristal ɗin akwai wata hanya ta musamman mai siffar baka da ke haɗa su, ana kiranta bakan Fermi. Ita ce shaidar da ake nema kafin a ce abu ɗan wannan gida ne.

A lura da sunayen nan, tantalam da niyobiyam. Za mu dawo kansu.

## Yadda ake leƙa ilektiron

Tushen dabarar tsoho ne. Heinrich Hertz ya lura a 1887 cewa haske yana fizgo wuta daga ƙarfe, Albert Einstein ya bayyana dalili a 1905, kuma a kan wannan bayani aka ba shi Nobel ta 1921. Haske dunƙule-dunƙule yake zuwa, kowane dunƙule, wato foton, da ƙarfinsa. Idan ƙarfin ya wuce abin da ke riƙe da ilektiron a jikin abu, galibi ilektiron-bolt 4 zuwa 5, sai ilektiron ya fito waje.

Wanda ya fito kuwa ɗan aike ne. Idan aka auna ƙarfin da ya fito da shi da kusurwar da ya bi, lissafi zai faɗi hawan da yake zaune da inda ya dosa kafin a fizgo shi. A tara miliyoyinsu, sai taswirar benen ta bayyana a allon kwamfuta, har da kalangun in akwai shi. Wannan dabara ake taƙaitawa da ARPES. Ana yin ta a cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta kusan ƙaf, kuma a cikin tukunyar ake fasa kiristal ɗin domin a sami sabuwar fuska, don ilektiron da ke iya fitowa na saman-saman ne, daga 'yan jerin atam na farko. Ƙura kaɗan ta isa ta ɓata aikin kwana da kwanaki.

Sai dai wannan hoto ne na gida a zaune lafiya. Ba ya nuna hawan sama, tunda ba kowa a can, kuma ba ya nuna motsi.

## Harbi biyu: na tashi da na ɗaukar hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar kamun kifi na Argungu ya san yadda abin yake. Dubban masunta a jere da gora da homa, shiru. Ana harba bindiga sai kowa ya ruga cikin ruwa. Mai hoto da ya ɗauka kafin harbi zai sami layi a tsaye. Wanda ya ɗauka da sakan biyu zai sami gudu, wanda ya jira minti goma zai sami ruwa a hargitse, wanda ya jira ƙarshe zai ga ana fitowa. A jera hotunan, an sami labarin ranar.

Haka ake yi wa ilektiron. Ana raba walƙiyar leza, wato haske mai ƙarfi da aka tattara siriri, gida biyu. Kashi na farko shi ne bindiga: ya faɗa kan kiristal ya cilla ilektiron hawan sama. Kashi na biyu mai hoto ne: ya iso daga baya kaɗan ya fizgo wasu waje a auna su. Bambancin da Argungu shi ne a nan hoto ɗaya ake samu a kowane harbi, saboda haka sai an maimaita gasar, sau dubbai ko dubban ɗaruruwa a sakan guda, ana sauya jinkirin da ke tsakanin harbi biyun.

Jinkirin da femtosakan ake auna shi. A raba sakan ɗaya gida miliyan, a sake raba kowane gida biliyan, kashi ɗaya shi ne femtosakan. Matsayinsa a gaban sakan kamar matsayin sakan ne a gaban shekara miliyan 32. Haske, wanda ke zagaye duniya sau bakwai da rabi a sakan, a femtosakan ɗaya ba ya keta kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai. Femtosakan dubu shi ne fikosakan. Babu agogon lantarki da ke iya ƙirga wannan, don haka da madubi ake auna lokaci: idan aka ja madubin da haske na biyu ke dokawa ya dawo baya da milimita 0.15, an tsawaita hanyarsa da milimita 0.3, an jinkirta shi da fikosakan ɗaya. Tazara ta zama agogo.

Ɗan Afirka yana cikin waɗanda suka share wannan hanya. Ahmed Zewail na Masar ya sami Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999 saboda amfani da irin wannan harbi biyu wajen kallon yadda sinadarai ke haɗuwa da rabuwa. Ta 2023 a fannin fiziks kuma ta tafi ga Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier, waɗanda suka gajarta walƙiyar zuwa atosakan, kashi ɗaya cikin dubu na femtosakan.

Abin da ake gani, a dunƙule, mataki uku ne. Da farko ilektiron da aka cilla suna karo da juna suna raba ƙarfin a tsakaninsu, cikin femtosakan gommai zuwa 'yan ɗaruruwa. A wannan lokaci zafinsu yana iya kai digiri dubbai alhali jikin kiristal ɗin bai ko ɗumama ba, abin da ba ya faruwa a tukunyar girki amma yana faruwa a nan saboda lokaci bai isa zafin ya ratsa ba. Daga nan suna miƙa zafin ga atam, atam su fara girgiza, wannan yana cin fikosakan ɗaya zuwa 'yan kaɗan. Sannan zafin ya bazu a hankali ya fita.

Inda shigen-ƙarfe ya bambanta shi ne mataki na biyu. Ƙugun kalangu tsukakke ne, mazaunin ilektiron a wurin kaɗan ne. Masu saukowa daga sama suna cunkushewa kamar garken shanu a ƙofar shinge guda, sai sanyayarsu ta yi jinkiri idan aka kwatanta da ƙarfe na yau da kullum. Wannan ɗan jinkiri shi ne abin da masu ƙera na'ura ke kwaɗayi, domin ilektiron mai zafi ƙarfi ne da bai riga ya salwanta ba.

Harbi na farko yana da wani amfani kuma. A haɗin tangistin da teluriyam, ɗigogin Weyl suna ɗan sama da inda ilektiron suka cika, wurin da ARPES na zaune ba ya gani. Sai an cilla wasu can kafin a iya leƙawa. Wani lokaci ma harbin yana sauya gidan kansa. A 2013 tawagar Nuh Gedik a jami'ar MIT ta Amurka ta nuna cewa haske mai ƙarfi yana ƙirƙiro sababbin matakai a fatar haɗin bismut da seleniyam, waɗanda ke ɓacewa da zarar hasken ya wuce. A 2019 masu bincike a Stanford da cibiyar SLAC suka yi amfani da walƙiya suka zamar da jerin atam na tangistin da teluriyam ɗaya bisa ɗaya, tsarin kiristal ya sauya cikin fikosakan, ya kuma koma. Makunni ke nan da haske ke kunnawa.

## Inda masana suka rabu

Saɓani na farko kan kayan aiki ne, kuma dokar halitta ce ta jawo shi: iya gajartar walƙiya, iya dushewar ma'aunin ƙarfi. Walƙiya mai femtosakan 100 tana iya bambance matakan da ratarsu ta kai kusan kashi 18 cikin dubu na ilektiron-bolt. A gajarta ta zuwa femtosakan 10, dushewar ta ninka goma. Masu amfani da leza mai ilektiron-bolt 6 suna samun hoto tar, amma ɗan yanki kaɗan na taswirar suke gani. Masu harba leza cikin iskar gas irin agon don samun haske mai ilektiron-bolt 20 zuwa 40 suna ganin taswirar duka da saurin gaske, amma ƙananan bambance-bambance suna kuɓuce musu. Akwai kuma manyan cibiyoyi irin FLASH a Hambug ta Jamus da LCLS a Kalifoniya, masu haske mai ƙarfi, sai dai idan ilektiron da yawa suka fito lokaci guda suna ture juna a hanya, su gurɓata awon. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma sau da yawa dalilin da ya sa rahotanni biyu kan abu ɗaya ke ba da lokuta daban ke nan.

Na biyu ya fi zurfi. Idan aka ga ilektiron sun yi jinkirin sanyaya, tofoloji ne ya jawo, ko kuwa ƙarancin mazauni ne kawai, wanda ake samu a shigen-ƙarfe na gargajiya irin bismut? Masu taka-tsantsan suna nuna cewa a haɗin tantalam da asenik da danginsa akwai wasu hanyoyin ilektiron na yau da kullum a gefen ɗigogin Weyl, kuma su ma suna cikin abin da ake aunawa. An taɓa ɗaukar wani babban baka da aka gani a fatar tangistin da teluriyam a matsayin bakan Fermi, daga baya bincike ya nuna ana iya samunsa ko babu ɗigogin Weyl. Ɗaya ɓangaren kuma suna kafa hujja da abubuwan da ke da wuyar bayani in ba da tsarin na musamman ba, misali wutar da haɗin tantalam da asenik ya bayar a 2019 lokacin da aka haska shi da hasken zafi da ido ba ya gani, a yanayin ɗaki, ba tare da sanyaya shi ba.

Akwai wata ƙididdiga da kowane ɓangare ke ja wajensa. A 2019 aka tace dubban sanannun kiristal da kwamfuta, aka sami fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suna da wata siffa ta tofoloji. Wasu suka ce taska ta buɗe. Wasu suka ce in abu ya yi yawa haka, sunan kaɗai ba ya nuna amfani. Hujjar da ke hannu zuwa yau ta fi goyon bayan a bi kowane haɗi a auna shi shi kaɗai.

## Farantin sola, waya, da rami

Manomin shinkafa a Bakalori da ke ban ruwa da injin sola yana asarar da bai sani ba. Foton na koren haske yana ɗauke da kusan ilektiron-bolt 2.3, silikon kuwa 1.1 kawai yake riƙewa, sauran ya zama zafi cikin kimanin fikosakan guda. Wannan na cikin dalilan da suka sa William Shockley da Hans Queisser suka lissafa tun 1961 cewa farantin mai rata ɗaya yana da iyaka, wadda ake sa wa a kusan kashi 33 cikin ɗari. Na kasuwa yau suna wajen kashi 20 da 'yan kai. A lissafi, in da za a kama ilektiron tun suna da zafi, iyakar tana iya kai kashi 66. To amma shigen-ƙarfe ba shi da rata, kuma ratar ce ke riƙe ilektiron a sama har a kai shi waya. Don haka ba a sa ran ya maye gurbin silikon a kan rufin gida. Inda ya fi alamar shiga da wuri shi ne na'urorin gano hasken zafi da na sadarwa mai sauri.

Labarin Stanford ma yana da sharaɗi. Jan ƙarfe yana rasa ingancinsa idan waya ta sirance sosai, shi kuwa haɗin niyobiyam da fosfaras fatarsa ce ke ɗaukar yawancin wutar, saboda haka sirancewa ba ta cutar da shi. Ya wuce jan ƙarfe ne a kaurin da bai kai nanomita 5 ba, wato jerin atam 'yan gommai ko ƙasa da haka. Maganar ƙananan hanyoyin cikin ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta ake yi. Wayar da mai gyaran wuta ke ja a gida tana nan a jan ƙarfenta.

Sai batun rami. Tantalam da niyobiyam daga tantalait da kwalambait ake tace su, kuma Najeriya tana da su: a shekarun 1950 tsaunukan Jos ne ke kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait. Yau Barazil ce ke samar da kusan kashi 90 cikin ɗari na niyobiyam, kuma yawancinsa ƙarfen gini da na bututu ake ƙarfafawa da shi. Tantalam kuma ya fi tafiya ƙananan ma'ajiyar caji na cikin waya. Kiristal da ake wannan bincike da shi ba haƙo shi ake yi ba. A ɗakin gwaji ake rainonsa daga tatattun sinadarai, cikin bututun gilashi da aka liƙe, a zafin da ke kusa da digiri 1,000, kwanaki ko makonni, a sami ɗan gutsure mai 'yan milimita. Buƙatar dukan ɗakunan gwajin duniya ba ta kai ta motsa farashin buhu ɗaya a hannun dillali ba. Duk wanda ya zo ƙauye da labarin sabon bincike yana neman a haƙa masa wani dutse, ba wannan binciken ne ya aiko shi ba.

Ga kuma guba. Asenik da kadmiyam, waɗanda ke cikin fitattun haɗe-haɗen nan, duka masu kisa ne, kuma wannan yana cikin abin da ke hana kamfanoni rungumarsu. Zamfara ba ta buƙatar a yi mata bayanin abin da ƙurar ma'adini ke yi. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Ɗalibin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko a Talata Mafara, ko maƙwabcinsa a Aliero, shi ne wanda abin ya fi shafa kai tsaye. Har yau nahiyar Afirka ba ta da babbar cibiyar haske irin sinkurotiron, wato ƙaton injin da ke samar da haske mai ƙarfi don irin wannan awo. Ɗaya daga cikin na kusa da nahiyar ita ce SESAME a Jodan, wadda aka buɗe a 2017, Masar na cikin mambobinta, kuma tun taron farko da aka yi a Girenobul ta Faransa a 2015 ake fafutukar gina ta Afirka. Amma rabin wannan fanni lissafi ne. Haɗin tantalam da asenik a kwamfuta aka fara hasashensa kafin a gan shi a tukunyar awo. Manhajar Quantum ESPRESSO da ake irin wannan lissafi da ita kyauta ce, kuma ƙananan kiristal ba su fi ƙarfin kwamfutar tafi-da-gidanka mai kyau ba. Makarantar ASESMA tana koyar da matasan Afirka wannan aiki tun 2010, tana zagayawa ƙasa-ƙasa, da tallafin cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964.